Kujerar Bayan Tonka

Hafizullahi ya daɗe da motar a kansa kafin ya riƙe mabuɗinta. Tun yana yaro a Isa, a gidan yayar uwarsa Inna Basira wadda ta goye shi, ba shi da wasa sai haɗa motar kara. Ya feƙe karan dawa, ya yanka mata taya da fasasshen ƙoƙo, ya ja ta da zare har bakin kasuwa. Da ya girma ya buɗe shagon batura da faifan sola, ya yi aure, ya sayi babur. Motar dai ba ta fita kansa ba.

Kuma ba kowace mota ba. Ƙarama yake so, ja, mai gudu. In rana ta take, ciniki ya ja baya, sai ya jingina da bangon shago ya lumshe ido. Nan da nan titin Sabon Birni zai miƙe a gabansa, baƙi wuluk, ba rami ko ɗaya, kawalwalniya na rawa can ƙarshensa kamar tafki. Shi ne a sitiyari. A gefensa uwarsa Fatu ce zaune, iska na wasa da bakin mayafinta. Mafarkin ke nan. Bai taɓa sakewa ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Shi ne ɗan farin Fatu. Ana yaye shi aka kai shi Isa, ita ta zauna Burkusuma. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya je gaishe ta ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta juya ga akuyar da ke ɗaure a turke ta ce, "Ke, a ce wa mutumen Isa shi sha ruwa." Bai taɓa jin haushi ba. Haka aka yi wa kowane ɗan fari tun kaka da kakanni, kuma kunya ado ce ga uwa. Sai dai a cikin motar mafarkinsa babu akuya. Daga shi sai ita sai hanya.

Da damina ta yi nisa ya sayar da babur da waken da ya daɗe yana tarawa, ya tafi Maraɗi. A filin da ake jera motocin da aka sauko da su daga bakin teku ya gan ta, can ƙarshen layi, tsakanin manyan motocin lodi. Ƙofa biyu gare ta. Ja ce kamar an tsoma ta a manja. Dillalin ya buga bayanta ya ce, "Alaji, wagga ba ta buhu ba ce, ta iska ce." Hafizullahi bai ji shi ba. Ya riga ya zauna ciki, hannu a sitiyari, yana duban kujerar gefe.

Ranar da ya shigo da ita Isa, masu shayi suka raɗa mata Tonka, sunan ƙaramin barkono, don ƙarama ce, ja ce, ga yaji.

Kai tsaye ya wuce garejin Rasaki. Rasaki Bayarabe ne, amma a Isa aka yanke masa cibi, kuma tsakanin Yarabawa da Gobirawa wasa ne da ba ya tsufa. Yana ganin wanda ya fito daga motar ya ajiye sifana ya riƙe ƙugu.

"Inna lillahi! Wa ya ba bawana mota? Ku da ko jaki sai an riƙa muku akala."

"Rufe baki, ɗan mai jan miya. Ubangidanka ya kawo maka aiki."

"Ka dubi zanen ga na kumatunka a madubinta? Kada ka tsorata ta, sabuwar zuwa ce."

Hafizullahi ya ciro waya ya nuna masa irin motocin da yake kallo, waɗanda cikinsu ke kusan shafar ƙasa. Haka yake so. Rasaki ya rage mata sifirin ta durƙusa. Ya sa mata faffaɗan taya masu ƙarfe mai walƙiya. Ya cire salansar da ta zo da ita ya ɗaura wata mai faɗin baki, wadda in an taka totur sai tantabarun kasuwa su tashi gaba ɗaya. Saura akwatin sifika, babba, wanda but ɗin bayan motar ya kasa ɗauka.

"Sai an taɓa kujerar baya," in ji Rasaki.

"Cire ta."

"Matarka fa?"

"Gaba."

"Ga ta da ciki. Ɗiyanka fa?"

"Su hau cinyar uwarsu. Mota ta mutum biyu ce."

Rasaki ya kwance kujerar, ya ja ta gindin dogon yaron da ke bakin gareji, ya zauna a kai ya miƙe ƙafa. "Awo," ya ce. "Bawa ya kawo wa sarki gado."

Daga nan Hafizullahi ya shiga kiwon mota. Kiwo ne, ba wani abu ba. Ya yi mata rumfar zana a ƙofar gida. Kowace safiya ya ɗebo ruwan rijiya ya wanke ta, ya share da tsohon rawani mai laushi. Ya zaro sandar bakin mai ya duba a hasken rana, ya murza da yatsa, ya sansana. Tun man bai yi duhu ba ya juye shi. Kafin ya tashe ta sai ya duba ruwan lagireto, bayan ya tashe ta sai ya tsaya shiru da kunne a kan injin, kamar mai sauraron numfashin jariri. Buhu bai taɓa hawanta ba. Ko niƙan matarsa Nusaiba a ka ake kaiwa. Da la'asar yakan fita da ita titi shi kaɗai, ya bar gilashi buɗe, gonakin gero na wucewa kamar ruwa. Wani lokaci har ya juya gefe ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga kujera ce kawai.

Bai kai ta Burkusuma ba tukuna. Yana jiran dalili mai girma, wanda Fatu ba za ta iya ƙi ba.

Da kaka dalilin ya zo. Nusaiba ta haifi ɗiya mace, kuma sunan Fatu za a sa mata. Dole kakar jaririya ta zo suna. Hafizullahi ya wanke Tonka har sau biyu, ya bari rana ta ɗaga, hanya ta cika da mutane, don yanzu ba mai bin dajin nan shi kaɗai da sassafe. Daga Isa zuwa Sabon Birni ta yi ta shawagi. Daga can kwalta ta ƙare. Hanyar Burkusuma amalanken shanu da manyan motoci ne suka fafe ta, rami biyu a gefe, tudun rairayi a tsaka. Cikin Tonka ya riƙa gugar tudun, kowace guga yana jin ta a haƙarƙarinsa. Haka ya lallaɓa har gari.

Salansa ta riga shi sallama. Zabi suka watse, wani jaki ya tsinke igiya ya yi jeji. Ƙanensa Isah, wanda ke zaune da tsohuwar, ya fito yana dariya yana taɓa ƙarfen taya. Can sai ga Fatu, siririya, da baƙin zane da farin mayafi. Hafizullahi ya durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa. Ta wutsiyar ido yake kallonta.

Ta zagaya motar a hankali. Ta sunkuya ta leƙa ta gilashi. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta miƙe ta dubi wata kaza da ke tono a gindin danga.

"A ce wa mai abin ga Allah shi sa albarka, shi tsare hanya. Ni babur ɗin Isah za ni hau ranar suna."

Ta koma ciki.

Duk hanyar komawa bai kunna sifika ba. Yana ta juya abin a ransa. Ta ji ƙara, ta ga jaki ya gudu. Ta ga mota durƙushe kamar kwaɗo. Tsohuwa mai mutunci ba za ta shiga abin 'yan iska ba. Laifinsa ne.

"Mai da salansar da," ya ce wa Rasaki. "Ka ɗaga ta."

Rasaki ya taso daga gadonsa na gindin dogon yaro. "Bagobiri ke nan. Jiya a durƙusa, yau a tashi. Kai ko raƙumi ka saya?"

Hafizullahi ya ɗaure fuska. Rasaki ya dube shi, ya ga ba ranar wasa ba ce, ya ɗauko jak. Hafizullahi na tsaye aka sauke salansar da ya yi watanni yana mafarkinta, aka jingina ta da bango. Aka mai da dogayen sifirin. Tonka ta miƙe tsaye, muryarta ta koma raɗa. Kyanta ya ragu a idonsa, amma ya daure.

Ya sake komawa Burkusuma. Wannan karon ta haye tudun rairayi ba guga, ta shiga gari ko kaza ba ta ɗaga kai ba. Fatu ta fito. Ta zagaya. Ta leƙa ta gilashi kamar wancan karon. Sai ta ɗora tafin hannu a kan rufin motar, ta shafa shi sannu, yadda ake shafa bayan maraƙi.

"An gyara murya," ta ce wa motar. "An ɗaga ƙafa. Madalla." Ta janye hannu. "Isah, ka sha mai a babur ɗinka, jibi ne."

Ya dawo Isa kamar wanda aka zare wa laka. Ya jingina da bangon shago ya lumshe ido, titin ya ƙi zuwa. Duhu kawai, da ƙarar injin niƙa.

Washegari Inna Basira ta sa shi ya kai ta kasuwa sayen goro da kayan miyan suna. Mace ce mai jiki da murya, ta cika kujerar gaba, tana ta ƙorafin bel ya matse ta. Da ta ga har sun wuce tasha bai ce uffan ba, ta zungure shi.

"Kai Hafizu, mi ya same ka? An yi maka ɗiya kana ɓata rai kamar an cinye maka tuwo."

"Ta ƙi shiga, Inna."

"Wa?"

"Tsohuwa. Sau biyu ina zuwa, sau biyu tana leƙawa ta gilashi. Na kashe ƙara, na ɗaga mota. Ta ce babur za ta hau. Ban san mi ta gani ba."

Inna Basira ta juya da ƙyar ta dubi baya, inda baƙin akwatin sifika ya cike wurin tun daga wannan gefe har wancan.

"Ina za ta zauna?"

"Nan. Inda kike."

Ta dube shi. Sai ta fashe da dariya har motar na girgiza, ta kai masa duka a kafaɗa.

"Wayyo ni Basira, na goyi sakarai! Nan? Kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari? In ka sa giya hannunka shi taɓa gwiwarta? A ratsa Sabon Birni kowa na kallo? Ni goyonka na yi, ban haife ka ba, shi ya sa ka gan ni nan ina cika maka kunne. Fatu ko gawarta anka aza nan, sai ta tashi ta koma baya."

Ya taka birki a gefen hanya.

"To don mi ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa wa wa? Kai? Ko kaza ce za ta kawo maka saƙo? Sau biyu tana leƙa maka wurin, kai kana can kana gyaran salansa."

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Shekara da shekaru yana ganinta a wannan kujera, iska na taɓa mayafinta. Ashe tun farko mafarkin ya zaunar da ita inda ba za ta taɓa zama ba. Ya ji wani abu ya tsinke a ƙirjinsa, ba mai zafi sosai ba, kamar zaren motar kara.

Ya sauke Inna Basira a layin masu goro ya wuce gareji. Rasaki na kishingiɗe a kan kujerar, abokan hirarsa kewaye da shi ana shan rake. Rana ta ɗan cinye launinta, ga tabon shayi a gefe.

"Tashi. Kujerata nika so."

"Kujerarka? Ku ji bawa. Kyauta ce ka kawo wa ubangidanka gaban shaidu. Damina guda ina mulki a kanta."

"Rasaki, gobe suna."

"To sai mi? A aza jaririya kan sifika."

"Tsohuwata za ni ɗauko."

Rasaki ya daina tauna rake. Ya gane, don shi ma a garin ya tashi. Amma taubashi ba ya sakin dama.

"Za ni ba ka. Sai dai ka tsaya nan, ka cire hula, ka ce Bayarabe ne ubangidan Bagobiri. Da ƙarfi, masu faci su ji."

Mutane suka zuba masa ido suna murmushi. Kakan Hafizullahi bai faɗi wannan ba, ubansa bai faɗa ba. Ya dubi kujerar. Ya cire hula.

"Bayarabe ne ubangidan Bagobiri."

"Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

"Bayarabe ne ubangidan Bagobiri! Allah shi isa!"

Gareji ya kaure da sowa. Rasaki ya tashi yana share hawayen dariya, ya kira a kawo sabulu. Da hannunsa ya wanke kujerar, ya shanya ta a rana, ya fitar da akwatin sifika, ya ɗaure kowane noti ya sake bi ya ƙara ɗaurewa. Da ya gama ya danna ta da gwiwa ya ji ba ta motsi.

"Tahi, bawana. Ka gaishe ta. Ka ce sarki ya ba ta aron gadonsa."

Ranar suna an raɗa wa jaririya suna a masallaci da safe, taron mata sai da yamma. Hafizullahi ya kama hanya. Ya iske Isah ya fito da babur yana goge shi, Fatu na tsaye da ƙullin kayanta. Ya tsaya, ya fito, ya buɗe ƙofar gefe, ya kwantar da kujerar gaba yadda baya zai bayyana. Sannan ya koma can gindin danga ya juya wa motar baya, yana kallon rumbunan gero kamar bai taɓa ganin rumbu ba.

Ya ji takunta. Ya ji shiru. Ya ji motar ta ɗan nisa, yadda take yi in an hau ta.

"Isah," in ji muryarta daga ciki, "ka biyo mu da kayan."

Ya shiga. Kafin ya tashi injin ya miƙa hannu ya karkatar da madubin tsakiya sama, don kada idonsa ya faɗa inda bai kamata ba. Suka fita gari. Dawa ta yi jan kai a dama da hagu, an jingina dammunan gero suna shan rana. Balbelu na bin garken shanu a fadama. Ƙanshin man shanu da hayaƙin ɗakinta ya cika motar. Bai taɓa zama kusa da ita haka ba. Yana jin numfashinta a bayan wuyansa.

Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Ke jar mota."

Ya ƙara riƙe sitiyari.

"Na san yayarki. Ta kara ce. Wani yaro ya kawo ta daga Isa wata sallah, ya aje bakin ƙofata ya ruga. Na soke ta a rufin ɗaki, inda nika ganinta in na kwanta. Ta daɗe can. Gara ta cinye ta, taya guda ya rage, shina cikin kwallata." Ta yi ɗan tari. "Ita ma kujera biyu gare ta. Mai ku tun can ba shi da wayo."

Hanyar ta yi masa hazo-hazo. Ya ƙifta ido da ƙarfi. Ba a amsa wa irin wannan magana, don ba da shi ake ba.

Suka ratsa Sabon Birni. Masu babura na nuna motar, wani ya ɗaga hannu. Taya ta hau kwalta, girgiza ta ɗauke, sai wani sumul kamar an ɗora su a kan ruwa.

"Ke," ta sake cewa, "direbanki ba shi duban baya? Haka aka koya mishi tuƙi? In wata mota ta taho fa?"

Ya kai hannu ga madubin. Ya sauko da shi a hankali. Titin baya ya bayyana, da Isah can nesa kamar ƙuda. A ƙasan titin, ga farin mayafi, ga goshi mai layi-layi, ga idanu biyu. Ba taga suke kallo ba. Madubin suke kallo. Irin nasa ne sak, har ɗan jan da ke gefen na hagu. Ba su kauce ba. Shi ne ya fara mai da nasa kan hanya, don mota na tafiya.

Rana ta take. Titin ya miƙe baƙi a gabansu, ba kowa a kansa, can ƙarshe kawalwalniya na rawa kamar tafki. Kujerar gefe ba kowa. Bai ko dube ta ba.

"An ce miki Tonka," in ji Fatu. "Ni dai tun Burkusuma ban ji yaji ba."

Ya sauke gilashi. Ya sa giya, ya taka. Tonka ta nisa ta miƙa wuya. Giginyu suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, sannan suka haɗe. Iska ta shigo ta ɗauki bakin mayafin, ya gan shi a madubi yana kaɗawa, tsohuwa ta dafe shi da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe bayan kujerarsa gam, yatsunta na taɓa rigarsa. Tafkin nan na gaba yana ta ja da baya, su kuma suna binsa. Sai ya ji wani sauti daga baya wanda bai taɓa ji kusa ba, sai dai ta bayan danga in tana tare da wasu. Dariya take yi.